Ire-iren hukuncin da hukuma ke yankewa a kanmu, da yadda ake tunkarar kowanne



A bakinmu duk abin da ya fito daga hukuma sunansa ɗaya: "gwamnati ta ce". An rufe kasuwa, gwamnati ta ce. An ƙi sabunta wa mutum lasisi, gwamnati ta ce. An manna takarda a bango an ba da kwana bakwai, shi ma gwamnati ta ce. Alhali a wajen doka waɗannan abubuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin kowanne daban. Akwai wanda dole sai an ji ta bakinka kafin a yanke shi, akwai wanda sanarwa a rediyo ta wadatar. Akwai wanda in ka yi wata uku ba ka motsa ba, ƙofar kotu na iya rufe maka. Akwai ma wanda ba hukunci ba ne sam, barazana ce aka sa wa rigar hukuma.

Ni ɗan falke ne, mahaifina shanu yake saukewa a kara, kuma tun da na gama sakandare ni nake karanta masa takardu, shi da abokan sana'arsa. Yawan takardun da suka bi ta hannuna ne ya sa na jera su kashi-kashi, don wanda aka miƙo wa takarda ya gane wace iri ce kafin ya sa hannu ko ya sa hannu a aljihu.

Tushen maganar

Wannan fanni shi ake kira dokar gudanar da mulki, wato ƙa'idojin da suka tsara yadda minista, gwamna, kwamishina, ciyaman, har zuwa duba-gari da malamin dabbobi za su yi aiki da ikon da ke hannunsu. Ginshiƙinsa ɗaya ne: babu ma'aikacin da ke da iko na ƙashin kansa. Duk ikon da yake nunawa aro ne daga Tsarin Mulki na 1999 ko daga wata doka da majalisa ta yi. In ya wuce iyakar abin da aka ara masa, kotu na iya cewa hukuncin nan tamkar ba a yi shi ba.

Kowane mataki kuma da huruminsa. Kan iyaka, kwastan, shige da fice da kuɗin ƙasa na tarayya ne. Filaye suna hannun gwamna. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ciki har da kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, shaguna da rumfuna, da lasisin keke da baro da amalanke. Amma a aikace jihohi na da hannu a manyan kasuwanni da manyan kwata irin ta Oko-Oba, musamman ta fuskar tsafta da lafiyar nama. Shi ya sa tambayoyi uku ne farkon komai: wa ya yanke hukuncin, wace doka ta ba shi iko, kuma ya bi hanyar da dokar ta shimfiɗa?

1. Hukuncin da ya hau kan kowa

Majalisa ba za ta iya rubuta kowane ƙaramin abu ba, sai ta yi doka ta ce gwamna ko kwamishina ko wata hukuma ta fitar da ƙa'idoji a ƙarƙashinta. Irin wannan hukunci ba ya kiran sunan kowa, duk wanda ya shiga siffar da aka faɗa ya hau kansa. Misalin da kowa ya sani shi ne hana acaɓa a Legas. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ita ce uwa. A ƙarƙashinta aka hana acaɓa da keke napep a wasu yankuna daga 1 ga Fabrairu 2020, sannan daga 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa ƙwata-ƙwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ba a bi kowane ɗan acaɓa da takarda ba, kuma ba sai an bi shi ba. Haka umarnin da gwamnatin Oyo ta ba mahautan Ibadan a 2018 cewa su koma babbar mayanka ta Amosun, wanda ya kai ga rikici har da asarar rayuka a Bodija.

A nan ba za ka ce "ba a saurare ni ba" a kama maka. Abin da ake iya kamawa shi ne: ƙa'idar ta fita daga cikin uwar dokar, ko ta saɓa wa Tsarin Mulki, misali sashe na 42 da ya hana a ware mutum saboda ƙabilarsa, addininsa ko garinsu, ko kuma ba a ba jama'a isasshen lokaci ba. Canjin kuɗi ya nuna mana wannan. Babban Banki ya sanar a watan Oktoba 2022, kara ta tsaya cak saboda cinikinmu na tsabar kuɗi ne. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara kai ƙara, kuma ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce ba a ba da isasshen wa'adi ba, ta ce tsofaffin 200, 500 da 1000 su ci gaba da yawo har 31 ga Disamba 2023.

A kula da bambancin matsaya da doka. Abin da gwamnonin Kudu suka cim ma a Asaba ranar 11 ga Mayu 2021 kan hana kiwon sake matsaya ce ta siyasa, ba a kama mutum da ita. Sai da majalisar kowace jiha ta yi tata dokar: Ondo a ƙarshen Agusta 2021, Legas a Satumba 2021, Ekiti kuwa tun 2016, Oyo tun 2019. Kuma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Falken da zai ratsa jihohi huɗu dokoki huɗu zai ratsa.

2. Hukuncin da aka yanke a kanka kai kaɗai

Wannan shi ne mai sunanka, ko lambar shagonka, ko lambar motarka. Ya kasu uku.

Na farko, na bayarwa. Lasisi, izinin gini, rabon rumfa, takardar likitan dabbobi ta ɗaukar shanu, satifiket ɗin fili. Tunda alheri ne, mun saba mu ninke takardar mu jefa a akwati ba mu karanta ba. To a nan gizo ke saƙa. Duba abu huɗu: sunan wa ke ciki, wa'adinta zuwa yaushe, waɗanne sharuɗɗa aka gindaya, kuma an yarda ka sayar ko ka ba wani haya? Takardar rumfa a yawancin kasuwanni izinin zama ce, ƙasar ba taka ba ce. Mutanenmu da yawa sun sayi rumfa hannu da hannu, shekara goma suna biyan kuɗin wata, amma a littafin sakatariya sunan mai ita na farko ne. Ranar da aka tashi sake gina kasuwa ko mai da ita wani wuri, da littafin nan ake rabo. Duk wanda ya sayi rumfa ya je a canza suna tun ana zaman lafiya. Tun ran gini, ran zane.

Na biyu, na ɗora nauyi ko ƙwacewa. Tara, garƙame shago, janye lasisi, rusau, karɓe fili. Tunda wannan ne mai ciwo, a nan doka ta fi sa wa hukuma takunkumi. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce a saurari mutum kafin a yanke abin da ya shafi haƙƙinsa, kuma dokar da ta ba wata hukuma ikon yanke irin wannan dole ta bar wa mutum damar faɗin nasa, ba ta kuma isa ta ce hukuncin hukumar shi ne na ƙarshe ba. Maƙwabtanmu Yarabawa na cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Ma'anar kenan.

Maganar fili ta fi kowacce nauyi, bari in ɗan tsaya a kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin zamanka, amma da dalili: ko don amfanin jama'a, kamar hanya, asibiti ko makaranta, ko don ka karya sharaɗin da aka ba ka. Dole a ba ka sanarwa a rubuce, ta iso gare ka ta hanyar da dokar ta faɗa. A shari'ar Osho ta 1991 Kotun Ƙoli ta nuna cewa karɓe filin wani don a miƙa wa wani ɗan kasuwa ba amfanin jama'a ba ne. In don amfanin jama'a aka karɓa, sashe na 29 ya tanadi diyya, sai dai diyyar ta abin da ka aza a kai ce, gini ko shuka, ba ta tsurar ƙasa ba. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya ƙara da cewa a biya ba tare da jinkiri ba, kuma kana da damar zuwa kotu kan adadin. Sashe na 43 kuwa ya ce ɗan Najeriya na iya mallakar gida ko fili ko'ina a ƙasar nan, ba a tambayar asalinsa.

Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wanda ya kafa rumfa a kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko gefen titin jirgi, ba shi da takarda, hujjarsa a kotu ba ta da ƙarfi, ko da ya shekara talatin a wurin yana biyan tikiti. Tikitin kullum ba shaidar mallaka ba ne. Abin da ya rage masa shi ne neman wa'adi mai ma'ana da wurin komawa, kuma wannan ƙungiya ce ke iya nemo shi, ba mutum ɗaya ba.

Game da tara, sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum da laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba. Kenan tara tana da adadi a rubuce, ba a cinikinta kamar bijimi. Kuma ba kowane mai kaki ne ke da ikon yanka ta ba. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya ta ce 'yan duba mota na Abuja ba su da ikon tsare mota ko cin tara. Wannan hukunci dokar Abuja ya duba, kada wani ya ɗauko shi ya yi gardama da shi a Ojota, don Legas na da tata dokar. Darasin dai shi ne ikon kowa yana cikin dokar wurinsa, kuma ana iya tambaya.

Na uku, na tabbatarwa. Wannan ba ya ba ka sabon abu, ba ya karɓe komai, yana shaida abin da yake akwai ne: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, lambar ɗan ƙasa, katin zama na Legas, takardar asalin ƙaramar hukuma, rajistar ƙungiya. Mu da aka haifa a nan mun san zafinsa, musamman takardar asali lokacin neman makaranta ko aikin ɗamara. Kuskure a irin wannan hukunci yakan haifi babba. A watan Janairu 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka tsallaka da shi Chadi bisa umarnin ministan harkokin cikin gida, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta bi asalinsa ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta rushe umarnin. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura baro da aka tare a mota aka ce baƙo ne? A yi wa yara takardar haihuwa, kowa ya riƙe lambarsa ta ɗan ƙasa, kuma suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a duk takardu.

3. Na dole da na ganin dama

Lauyoyi na duba kalma ɗaya tak a cikin doka: an ce ma'aikaci "zai yi", ko an ce "yana iya yi"? In "zai yi" ne, da zarar ka cika sharuɗɗa ba shi da zaɓi, haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Rajistar haihuwa irin wannan ce. In kuwa "yana iya" ne, an bar masa ya auna, kamar rabon rumfuna goma ga mutum hamsin.

Sai dai ganin dama ba son rai ba ne. Dole ya auna abin da doka ta ce a auna, ya bar abin da ba ruwan doka da shi, kamar yarenka ko jam'iyyar da ka zaɓa. Ba zai yi amfani da ikon don wata manufa ta daban ba, ba kuma zai bar wani can da ba shi da hurumi ya yanke masa ba. A nan kotu ba za ta ce a ba ka rumfar ba. Abin da takan ce shi ne a koma a sake dubawa bisa ƙa'ida. Wanda zai shiga shari'a irin wannan ya san haka tun farko, kada ya kashe kuɗin sa biyu yana jiran abin da kotu ba ta bayarwa.

4. Hukuncin kwamiti mai kama da kotu

Wani lokaci hukuma kan kafa kwamiti ya binciki zargi: an ce ka sayar da mushe, ko ɗanka ya yi laifi a makaranta, ko za a kori ma'aikaci. Ba kotu ba ce, amma ƙa'idoji biyu na kanta. A faɗa maka abin da ake zarginka da shi, a ba ka lokaci da damar kare kanka. Sannan wanda ke da hannu a rigimar ba zai zauna a kujerar alƙali ba. Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ita ce abin misali. Bayan tarzomar ɗalibai a 1983 aka kori wasu, alhali wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. A 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar.

In an kira ka gaban kwamiti, ka je. Ƙin zuwa kyauta ce ka ba su, don za a rubuta an ba ka dama ka ƙi. Nemi a ba ka zargin a rubuce. In Turanci ko Yarabanci ko Ibo bai zauna maka ba, ka ce sai da tafinta, ka kuma tafi da wanda zai rubuta abin da aka faɗa. Kada ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

5. Hukuncin gaggawa

Akwai inda jira zai jawo ɓarna, sai doka ta yarda a fara aiki kafin a saurare ka. Likitan kwata ya ga tarin fuka a huhun saniya, nan take zai hana sayar da naman. Cuta ta ɓulla, a tsare garke. Rikici ya tashi, a rufe kasuwa a sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a Mile 12 a watan Maris 2016 da Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu 2021.

Gardama a lokacin ba ta da amfani, wani sa'in ma ita ke jawo sabon laifi. Abin yi shi ne ka nemi shaida a rubuce: me aka kama, guda nawa, wa ya kama, da wane dalili. Dillali ya san amfanin wannan, don da takardar likita ce zai fuskanci mai saniya a Arewa ya nuna masa ba cinye kuɗinsa aka yi ba. Hukuncin gaggawa na ɗan lokaci ne, gwargwadon haɗarin. In haɗari ya wuce kasuwa na nan a rufe, shugabanni su rubuta su tambayi sharuɗɗan buɗewa, a ba su a rubuce, don kada a cika uku a ce saura biyar.

6. Shiru ma hukunci ne

Ka kai takarda, an ce dawo gobe, goben ta zama wata shida. Doka ba ta ɗauki wannan a matsayin ba komai ba. A shari'ar Stitch ta 1986, wata mata ta shigo da mota, ma'aikata ta ja ƙafa wajen ba ta izini har sabon kuɗin fito mai tsada ya fara aiki, Kotun Ƙoli ta ce ba a yi mata daidai ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wanda ya nemi bayani a rubuce, in ta yi shiru ana ɗauka ta ƙi, kuma kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ce hukumomin tarayya su bayyana wa'adin da suke ɗauka kan kowace buƙata, in wa'adin ya wuce ba amsa ana ɗauka an amince.

Duk wannan ba ya aiki sai kana da shaidar ranar da ka kai. Ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Maganar baka a ofis iska ce.

7. Abin da ya yi kama da hukunci amma ba shi ba ne

Wa'adin tashi daga bakin ƙungiyar matasa ko wani ɗan gwagwarmaya ba shi da gindi a doka. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar yawo da zama inda ya so. Wa'adin kwana bakwai da Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan a watan Janairu 2021 ba hukunci ba ne, haka wanda wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba Ibo a Kaduna a watan Yuni 2017. Sashe ɗaya ne ya kare mu a nan ya kare su a can. Wannan ba yana nufin a yi sakaci da rai ba, a kai rahoto ga 'yan sanda a rubuce, a kuma yi taka-tsantsan. A wannan watan na Janairu 2021 gwamnan Ondo ma ya ba makiyaya kwana bakwai su fita daga gandun dajin gwamnati. Shi wannan daga hukuma ya fito, don haka ana iya auna shi da doka a gaban alƙali. Ka ga bambancin.

Sai masu igiya da katako mai ƙusa a hanya. An taɓa tsare mana tirela da dare a wata jiha, aka miƙo tikiti ba sunan ƙaramar hukuma, ba hatimi, ba lamba, shanu kuma sun kwana biyu a tsaye. Mahaifina ya biya don dabba ba ta jiran shari'a, amma ya riƙe tikitin ya kai wa ƙungiya. Haraji sai da doka, sai da rasit mai sunan hukumar da ta karɓa. Tarin irin waɗannan tikitoci, da wuri da rana, shi ne hujjar da shugabanni za su ajiye a teburin kwamishina.

Hukuncin Sarkin Hausawa, sarkin kara ko ƙungiyar mahauta kuwa na cikin gida ne. Muna bin sa don girmamawa da zaman lafiya, yana ɗaure wanda ya shiga ƙungiya bisa tsarinta, amma bai kai ya tsare mutum ko ya ƙwace dukiyarsa ba.

Ina ake kai kuka?

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mukan tsaya faɗa da yaron da aka aiko da kwado, alhali mai sa hannu na ofis. Mataki na farko takarda ce zuwa ga wanda ya yanke hukuncin ko na sama da shi, cikin ladabi, da kwanan wata, ana neman dalili da sake dubawa.

Na biyu, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya fara riƙe ta. Tana da ofis a kowace jiha, kyauta ne, ba sai da lauya ba. Bincike take yi ta ba da shawara, ba ta tilastawa, ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma ba a so koke ya wuce wata 12. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. A Legas akwai ofishin lauyan talakawa da cibiyar sasanci ta jiha.

Na uku, kotu. In hukumar tarayya ce, galibi Babbar Kotun Tarayya ake zuwa, in ta jiha ko ƙaramar hukuma ce, Babbar Kotun Jiha. Abin da kotu ke iya bayarwa: ta soke hukuncin da aka riga aka yanke, ta hana wanda ake shirin yankewa, ta tilasta wa ma'aikaci yin aikin da ya wajaba a kansa, ta dakatar da rusau har a gama shari'a, ta bayyana haƙƙin kowa, ko ta sa a biya diyya. Kuma in magana ta shiga kotu, hukuma ba ta da damar yin gaban kanta. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kan fitar da Ojukwu da ƙarfin bindiga daga gidan Ikoyi alhali shari'a na gudana.

Babban tarko shi ne lokaci. Ƙarar neman soke hukuncin hukuma galibi wata 3 ake ba ta, haka ma dokar kare ma'aikatan gwamnati ta sa wata 3 a ƙararraki da yawa. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai ka ba su sanarwa kafin ka kai su ƙara. Zirga-zirgar "a yi haƙuri, ana dubawa" ba ta tsayar da agogon nan. Ƙarar take haƙƙin ɗan adam ce ƙa'idojin 2009 suka cire wa wa'adi. Don haka ko ana sulhu, a ga lauya tun a makon farko.

Abin da za ka duba in an miƙo maka takarda

- Sunan hukumar, hatimi, sa hannu da muƙamin mai sa hannun.
- Sunanka ne a ciki, ko na kowa da kowa ne?
- Wace doka da wane sashe aka ambata?
- Wane dalili aka bayar, kuma kwana nawa aka ba ka?
- An faɗi inda za ka kai ƙorafi?
- Rubuta ranar da ta iso hannunka, ka ɗauke ta hoto a waya kafin ruwa ko wani ya yage ta.

Shawarata ga shugabannin kara da kasuwanni ita ce kowace ƙungiya ta ajiye fayil ɗaya: takardar wurin da aka ba mu, rasit na shekaru, sunayen masu rumfa na yanzu, da duk wasiƙar da ta shiga tsakaninmu da hukuma. A samu matasa biyu masu karatu su riƙe shi, a kuma san lauyan da za a kira tun kafin buldoza ta iso bakin ƙofa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a nema.